Abin da Na Bar Muku a Tsohuwar Masaƙa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni mahaifinku, ni nake rubuta wannan takarda da hannuna, da hantsi, a kan teburin bakin taga, bayan na sha maganin safe. Hankalina ɗaya yake. Na san ranar da muke ciki, na san shekaruna saba'in da takwas, na san sunayen jikokina duka bakwai, ko da yake rabinsu a hoton waya kawai nake ganinsu. Babu wanda ya tsaya a kaina, babu wanda ya sa min magana a baki. Likita ya gaya min abin da ya gani a ƙirjina, bai yi min kwana-kwana ba, ni ma ban nemi ya yi ba. Shekara arba'in na yi ina shaƙar ƙurar auduga, don haka ban yi mamaki ba da numfashi ya fara yi min gardama.

Ku uku nake yi wa magana: kai ɗan farina, da ke Injiniya, da kai Auta. Lauya zai kira ku ya karanta muku a zama ɗaya. Na gaya masa idan ɗayanku bai zo ba ya naɗe takardar ya jira, ko wata nawa za a yi.

Na ɗaya. Rabon gado ban sa hannu a ciki ba, addini ya riga ya yanka wa kowa rabonsa, a kira masu ilmi su raba. Roƙona a kan masaƙa ne. Kowa ya riƙe kasonsa a takarda, amma ginin kada a tsaga shi, kada a sayar wa bare. Wanda ya gaji da nasa kason ya fara yi wa 'yan'uwansa tayi kafin kowa ya ji.

Na san yanzu ba masaƙa ake ce mata ba, ku yi haƙuri, bakina ya saba. Kakanku ne ya gina ta da jan bulo, ya tsai da bututun hayaƙin nan da ake hange tun daga tashar jirgin ƙasa. A lokacin da na karɓi makullai daga hannunsa injin saƙa ɗari da ashirin ke aiki, kuma idan suna gudu gaba ɗaya mutum ba ya jin muryar kansa, da hannu muke magana. Mahaifiyarku takan ce ta auri kurma, sai ta yi min magana sau uku kafin in waiwayo. Ƙarfe bakwai na safe jiniya za ta yi kuka, matan unguwa da ita suke sanin lokacin tura yara makaranta. Sai yadi mai araha ya fara shigowa daga waje, muka rage aiki zuwa kwana huɗu a mako, muka koma uku, har ranar da na kashe babban makunni da hannuna.

Shekara goma sha huɗu ta yi a rufe. Kun san ina zuwa kullum, amma ban taɓa gaya muku abin da nake yi a ciki ba. Nakan buɗe ƙaramar ƙofa, in ɗauki gwangwanin mai, in bi injinan layi-layi ina ɗiga musu, guda goma a rana, in na kai ƙarshe in dawo farko. Tantabaru sun yi gida a rufi, kashinsu ya rufe tagogin sama. Bayan rasuwar mahaifiyarku sai na riƙa tafiya da abincin ranata can, in zauna a ofishin sama in ci, saboda shirun can na fi iya ɗauka a kan shirun gida.

Na biyu. Kai ɗan farina da ke Injiniya, rigimar da ke tsakaninku ta ƙare da numfashina. Shekara biyar ke nan ba ku zauna a ɗaki ɗaya ba, 'ya'yanku suna haɗuwa a hanya suna gaisawa kamar maƙwabta. Ni na haddasa, bari in faɗi yadda aka yi, don kowannenku rabi ya sani.

Kai ka kawo mutanen da za su sayi filin, su rushe ginin, su yi gidajen haya. Ke kuma kika zo da zane a naɗe a hammata, kika shimfiɗa shi a tsakar ɗaki kika danne kusurwoyinsa da kofuna. Kika ce bangon lafiyarsa lau, ginshiƙan ƙarfen za su ƙara shekara ɗari, a bar su. Zauren saƙa ya zama shaguna, ɗakin rini ya zama wurin cin abinci, siton auduga ya zama silima, filin lodi ya zama wurin wasan yara. Ku duka na kora. Na ce da kai mai sayar da ƙashin kakansa, na ce da ke kina so ki mai da gumin mutane wurin shan iska. Da damina ta zo rufin ɗakin rini ya rufta, na tsaya a ciki ruwa yana zuba a kan tukwanen, na gane cewa gwangwanin mai ba zai riƙe gini ba. Sai na sa hannu a takardar Injiniya, ba tare da na kira ka na gaya maka ba. A bakin masu aikin gini ka ji. Wannan wulaƙanci ne, kuma ni na yi maka shi, ba ƙanwarka ba.

Injiniya, akwai abin da ba ki sani ba game da yayanki, kina jami'a lokacin. Shekarar da za mu rufe na cire shi daga karatu ya zo ya taya ni. Ranar sallamar ma'aikata ban iya fitowa ba, na kulle kaina a ofis na ce kaina na ciwo. Shi ya tsaya a bakin ƙofa, yana ɗan shekara ashirin da uku, yana miƙa wa mutanen da suka goya shi takardar sallama ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ya tofa masa yawu a riga, bai goge ba har ya gama. Tun daga ranar bai sake taka cikin ginin ba. Idan kin ga yana son a rushe shi, kada ki ɗauka kwaɗayi ne. Ni ma na san haka lokacin da na zage shi, amma na zage shi.

Kai kuma, ga abin da ba ka sani ba game da ƙanwarka. Shekara uku tana wannan aiki ina kan titi ɗaya da ita ban leƙa ba ko sau ɗaya. Ta riƙa aiko min hotuna ina kifa wayar. Masu aiki sun so su fasa daɓen zauren su zuba sabon siminti, ta hana, ta sa aka bar ramukan da ƙafafun injina suka ci a ƙasa. An ce mata bututun hayaƙi zai faɗo a kan mutane, ta sa aka ɗaure shi da ƙarfe daga ciki, ta hau da kanta ta duba, tana da ciki wata biyar. Ranar buɗewa ta ajiye min kujera a gaba, kujerar ta wuni babu kowa. Ita ma ta sha nata a hannuna.

Saboda haka ina so kai ka riƙe hulɗa da masu shaguna, domin ka fi kowa iya zama da mutane, ita ta riƙe ginin da gyaransa. Ban ce sai kun yi ta dariya da juna ba. Ku fara da gaisuwa, ku bar yara su kwana a gidajen juna, sauran zai biyo.

Na je ginin daga baya, ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Wata Talata ce da rana, na shiga ta babbar ƙofa kamar kowa. An wanke bulon ya fito ja kamar ranar da aka gina shi, tagogin sama suna zubo haske irin wanda ban taɓa sanin akwai shi a zauren ba. Inda layi na huɗu yake ana sayar da takalma. Wata yarinya tana gudu da balan-balan daidai inda muke hana mutum wucewa ba tare da ya ɗaure rigarsa ba. Na hau matakalar nan mai tafiya da kanta, na kusa faɗuwa, wata mata ta riƙe min hannu tana cewa sannu Baba, yau ka fara zuwa ko? Na ce mata eh. Na nemi ofishina na tarar ana aski a ciki. Na zaga awa biyu babu wanda ya san ni, kuma ni ma ban ga fuskar da na sani ba.

Wurin ya yi kyau, Injiniya. Na daɗe ina riƙe da wannan magana, ga ta na ba ki a rubuce. Kin yi aikin da ni na kasa yi.

A tsakiyar zauren na tarar da injin lamba bakwai. Kin zaɓe shi cikin ɗari da ashirin saboda ya fi sauran tsabta, kin goge shi, kin kewaye shi da igiya, kin kafa allo mai sunan kakanku da nawa. Na miƙa hannu zan taɓa shi, mai gadi ya matso cikin ladabi ya ce, "Baba, ba a taɓawa." Na ce masa to, na janye hannuna. Kada ku yi masa faɗa, aikinsa ya yi.

Na uku, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan tun farko. Injin ya fi sauran tsabta ne domin shekara talatin da ɗaya ba a kunna shi ba. Kun san Dogo, wanda ba shi da hannun dama, da kuna yara yakan ba ku alewa a bakin ƙofa. An gaya muku ganganci ya yi injin ya ci hannunsa. Haka na faɗa wa hukuma, haka na faɗa wa mahaifiyarku, haka aka rubuta. Ƙarya na yi. Akwai murfin ƙarfe da ke kare bel ɗin injin, yana sa aiki jinkiri idan zare ya tsinke. Muna da odar da za mu cika a makon, sai na kwance murfin da safe da hannuna na jingine shi a bango, ban gaya masa ba. Kafin azahar bel ya kama hannun rigarsa. Da aka tafi da shi asibiti, kafin masu bincike su iso, na mai da murfin na ɗaure. Da ya warke na ba shi gadin ƙofa, mutane suna ta yaba min kirki, ina amsawa.

Na je wurinsa sau biyu bara, muka yi hirar tsada da ciwon gwiwa na taso. Makon jiya na koma karo na uku. Yana zaune a gidan 'yarsa mai ɗinki, a wani ɗaki na baya. Ya dafa min shayi da hannu ɗaya, yana danne gwangwanin sukari da gwiwa yana buɗewa, bai yarda na taya shi ba. Na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Sai ya ce, "Na ga murfin a jingine tun da safe, maigida. Na ɗauka gyara za ka yi." Na ce me ya hana ka faɗa wa masu bincike? Ya ce, "'Ya'ya huɗu gare ni a lokacin. Wa zai ɗauki mai hannu ɗaya idan ka kore ni?" Na roƙe shi gafara. Ya ce in sha shayina kada ya huce. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, kuma ba ni da bakin da zan matsa masa. Ya rako ni har bakin titi ya tsayar min da mota.

Ga abin da nake so a yi. Daga cikin sulusin da nake da ikon yin wasiyya da shi, shagon farko na hannun dama idan an shiga ta babbar ƙofa na 'yar Dogo ne, mallakarta, ta yi ɗinkinta a ciki ko ta sa wanda take so. Kada ku kai mata shi kamar kyauta, kada ku tsaya jiran godiya. Allon da ke gaban injin a cire shi. Sunan kakanku ya zauna, nawa a goge, a rubuta sunan Dogo na gaskiya da shekarar da abin ya faru da yadda ya faru, da wanda ya kwance murfin. Amma ku fara tambayarsa. Idan ya ce ba ya son sunansa a gaban masu yawo, to maganarsa ce a sama da tawa, sai ku goge nawa kawai ku bar wurin haka. Ku uku za ku je, kai ɗan farina ka yi magana. Na san na sake tura ka bakin ƙofa da takarda a hannu saboda abin da ni na yi. Wannan karon 'yan'uwanka za su tsaya a gefenka.

Na huɗu. A gindin bututun hayaƙi akwai benci biyu. Na lura masu gadi suna tayar da wanda ya daɗe a zaune bai sayi komai ba. Tsofaffin ma'aikatanmu da suka rage ba su kai ashirin ba, kuma yawancinsu ba su da abin sayen takalmin wurin. A ƙara benci, a gaya wa masu gadi duk tsohon da ya ce ya yi aiki a nan a bar shi ya zauna har a tashi. Kada a nemi shaida. Idan wani ya yi ƙarya don ya samu inuwa, bai rage ku da komai ba. Jiniya kuma na ji ana shawarar a riƙa busa ta da tsakar rana don yara su ji. Ban hana ba, amma a rage mata murya, don akwai masu ciwon zuciya a cikin tsofaffin nan, kada su zabura su nemi layinsu.

Na biyar naka ne, Auta. Da rigima ta tashi ka tattara ka tafi ƙasar waje, ka ce kai ba ka bayan kowa. Kana kirana duk Juma'a, ni kuma in ce lafiya lau, ya aiki, sai anjima. Ka ɗauka ba na son hirar ne. Tun Alhamis nake tsara abin da zan gaya maka, idan na ji muryarka sai duk ya watse, in ajiye waya in zauna ina kallonta. Haka aka yi ni, ban koyi magana a wurin da ake jin magana ba. Ban yi fushi da tafiyarka ba, amma ka sani yayyenka biyu kowanne yana sauraronka fiye da yadda yake sauraron ɗan'uwansa, kuma kana barin wannan abu yana lalacewa a banza. Ba na ce ka dawo da zama ba, ka gina rayuwarka a can. Ka riƙa zuwa sau ɗaya a shekara, ka sauka mako ɗaya nan mako ɗaya can, ka kawo yaranka su ji harshenmu a bakin 'yan'uwansu.

Na shida, ƙananan kaya. Waɗannan na riga na bayar tun ina raye, lauya shaida ne, ba sa cikin rabo. Akwatin sifanu na kakanku na Injiniya ne, tun tana shekara shida take sace min su tana kwance ƙafar kujera, daga nan sunan ya bi ta. Agogon bangon ofis, wanda ke ɗakina yanzu, na ɗan farina ne. Yana gaba da minti biyar, kakanku ne ya saita shi haka don kada a makara, kada ka gyara. A ƙasan akwatin mahaifiyarku akwai turmin yadi shuɗi, shi ne na ƙarshe da ya fito daga masaƙar ranar da muka rufe. Ta ɓoye shi ta ce sai ranar wani abin farin ciki, ranar ba ta zo mata ba. Auta ya ɗauka, ya kai wa 'yar Dogo ta ɗinka wa jikokin riguna, a biya ta ladan aikinta cikakke. Makullan tsohuwar ƙofa suna cikin aljihun babbar rigata. Ba sa buɗe komai yanzu, wanda yake so ya ɗauka.

Na bakwai. Gidan nan kada a bar shi a kulle. Ɗaki shida ne, ni ɗaya nake kwana a ciki shekara tara, na san yadda gida yake zama idan babu mai buɗe tagoginsa. Idan babu mai zama a cikinku, ku sa masu yara da yawa. Matar da ke min girki da shara ta yi haƙuri da ni fiye da yadda na cancanta, a bar mata ɗakinta na waje har ta samu inda ya fi.

Sauran nasiha kaɗan ce, don ban ga ina da matsayin yin mai yawa ba bayan abin da kuka karanta. Idan kun yi wa mutum laifi ku faɗa masa da wuri, tun ƙafarku tana iya kai ku gidansa ba tare da an riƙe ku ba. Idan ɗanku ya yi abin kirki ku gaya masa a ranar, da baki. Na yi zaton shiru mutunci ne, na wayi gari ina cin abinci ni kaɗai, 'ya'yana biyu suna cikin gari ɗaya da ni. Babu wanda ya yi min wannan sai ni.

Na yafe muku duk abin da kuka yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba, kuma bai kai rabin abin da nake roƙon ku yafe min ba. Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku magana kuma ku iya amsa musu. Allah ya jiƙan mahaifiyarku da kakanku da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban inji a ginin nan. Ku riƙe juna, ku uku ne kawai, babu na huɗu da zai zo.

Ranar da lauya ya gama karanta muku takardar nan, kada kowa ya nufi motarsa. Ku shiga mota ɗaya, babba ya tuƙa, ku zo gidan nan tare.

Mahaifinku.